Tsumman Dogo a Hannun Yaya

Yayata ba ta da surutu, ni ce na kwashe rabonta na haɗa da nawa. Tun muna yara haka muke: a taka ta, ta matsa gefe, a taka ni, unguwa ta ji. Shi ya sa labarin ranar da ta tsaya a gaban mota ta rufe bakin maza, ni nake bayar da shi. In an bar ta, cewa za ta yi "mai ne ya yi ƙasa, aka ƙara," ta tashi ta tafi wajen kajinta.

Kaji ne sana'arta. Da guda goma sha biyu ta fara, a wani keji da aka haɗa da tsohuwar ƙofa, shekarar da ta auri Dogo. Shi Dogo direba ne, ya daɗe yana jan babbar mota, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi taka kuloci. Lokacin da ya ajiye aiki kajin sun kai ɗari huɗu. Sai ya sayo wata doguwar mota ruwan toka, otomatik, wadda ba ruwanta da ƙafar hagu, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako da soso, ta zama motar ƙwai. Da tsufanta ta shigo gidan, saboda haka Tsohuwa muke ce mata. Shaguna goma sha ɗaya take zagawa, sai gidan burodi guda a can saman tudu, wanda shi kaɗai yake ɗauke rabin ƙwan.

Ƙofar gidansu a gangare take. In ka ajiye lemo a bakin ƙofa sai ka tsince shi a titi. Amma a ciki, daf da siton abincin kaji, akwai wani daɓen siminti da Dogo ya zuba da hannunsa, a miƙe sambal, kuma nan ne makwancin Tsohuwa. Shigar da ita wajen aiki ne, don ƙofar a matse take, sai da ribas, sai an naɗe madubi, amma bai taɓa barin ta a waje ba. Yana da wata kwalba mai ruwa kusan cike a ƙarƙashin kujera. In ya yi shakkar wuri sai ya kwantar da ita a dokin ƙofar mota ya kalli kumfar iskar da ke ciki. Ta tsaya a tsakiya, wuri ya daidaita. Ta gudu gefe, sai ya matsar da motar.

Kullum da safe, kafin ya tayar da inji, sai ya buɗe bonet ya zaro geji, siririn ƙarfen nan da ake auna mai da shi. Ba ya waiwayowa. Hannu kawai yake miƙowa baya, Yaya ta ɗora masa farin tsumma. Ya goge gejin tas, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa, sannan ya duba ko mai yana tsakanin alamomin nan biyu. Awon farko, in ji shi, ba a yarda da shi. Man giyar motar kuwa ranarsa daban ce: kowace Asabar, in ya dawo daga zagaye motar ta yi zafi, ya hau daɓen, ya bar inji yana aiki, ya taka burki ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo fakin, sannan ya zaro ɗayan gejin mai jan kai. Ya goge a tsumman, ya kalli launi, ya kai hanci ya sansana.

"Man inji a kashe ake duba shi, man giya a kunne," haka yake faɗi, ba wai don ana tambayarsa ba.

Shekara goma sha huɗu Yaya tana tsaye a bayansa da tsumma. Ni kam abin haushi yake ba ni. Duk ranar da na zo na tarar da su sai na ce, "Yaya, ke kuma an mayar da ke maratayin tsumma? Ba ƙusa a gidan nan ne?" Ta yi murmushi. Dogo ya ce, "Ƙanwarmu, bakinki da za a sa masa geji, kullum sai ya wuce alama." Ya koya mata tuƙi ma, kuma duk ranar da gwiwar ta tashi ita ke jan motar yana gefe. Amma mutane ba su ɗauke ta direba ba, matar direba suke ce mata.

Ciwon kwana tara ya ɗauke Dogo. Har yau ban san yadda zan faɗi abin ba. 'Ya'yansu biyu mata ne, suna aure a nesa, suka zo suka koma. Yaya ta shige ɗaki, in ban da ba kaji abinci da tsintar ƙwai ba abin da ke fito da ita. Makullin mota kuwa ƙanen Dogo ya karɓa, don kada zagaye ya tsaya.

Wannan ƙanen nasa Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Shekara ashirin ya yi yana jan tasi mai kuloci, yana da sufana guda da sukudireba a aljihu, kuma in ya fara bayanin mota sai ka rantse shi ya ƙera ta. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Kawai dai bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da uwarsa ta haife shi. Shigar da Tsohuwa ta matsattsiyar ƙofar nan ya ga wahala ce, sai ya riƙa ajiye ta a waje, a gangaren, ya sa mata dutse a taya.

A wata na uku Tsohuwa ta fara gardama. In an sa ta a giya sai ta yi jim, kamar mai tunani, sannan ta fizga. A kan hanya inji ya riƙa kuka, mota ba ta ƙara gudu. Injiniya ya buɗe bonet a nan ƙofar gida, inji a kashe, ya zaro gejin giya ya ga mai ya haura alama. Ya ce to ga matsalar nan, marigayi ya cika mata mai ya yi yawa. Ya shiga ƙarƙashi ya tsiyaye wajen kwalba guda. Ina wurin, na gani da idona, har na ce masa sannu da aiki. Washegari motar ta kai rabin tudun gidan burodi ta ƙi gaba. Da baro aka ƙarasa da ƙwai, kiret biyu suka fashe a hanya, kuma mai burodi ya aiko cewa yana jin kunyar marigayi, amma tandarsa ba ta jira. In ranar Litinin ƙwai bai iso da wuri ba, zai nemi wani.

Injiniya ya yanke hukunci: giya ta mutu, gyaranta ya fi ƙarfin motar. Ya je wajen Inna, mahaifiyarsu, wadda maganarta ce ƙarshe a gidan, ya tsara mata komai. A sayar da Tsohuwa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ba mota, ba mai burodi, kaji ɗari huɗu ba su da amfani, a sayar da su. Yaya ta rufe gida ta dawo ɗakin baya na gidansa ta zauna kusa da Inna, a riƙa ba ta abinci. Inna ta ce shi ya san mota, abin da ya gani shi ke nan. Aka sa ranar Asabar da safe.

Ni na kai wa Yaya labarin, ina tafe ina tafasa. Na same ta a sito tana jera ƙwai. Na zazzage mata komai, har da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce ɗakin baya, Yaya! Ke da kike ciyar da mutane, yau ke za a miƙa wa kwano! Ta bar ni na gama, ƙwai ɗaya a hannunta, sannan ta ce:

"A ina ya duba man?"

Na ce, "Wane mai kuma? Ana maganar rayuwarki!"

"A ina ya duba?"

"A ƙofar gida."

"A kashe ko a kunne?"

"A kashe mana. Wa zai sa hannu a inji yana aiki?"

Ta ajiye ƙwan a hankali. Ta ɗauki mayafi ta fita ƙofar gida, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta durƙusa a gaban motar tana kallon ƙasa. Ta dangwali wani ɗigo da yatsa ta nuna mini. Ja ne. Ta sansana, ta miƙe, ta koma ciki wajen ƙwanta. Wallahi ji na yi kamar in girgiza ta.

Ranar Asabar da hantsi mai ƙarafa ya zo da motar ja da sarƙa, wani gajere mai tumbi, yana ta bubbuga jikin Tsohuwa yana taɓe baki. An kawo wa Inna kujera ƙofar gida, ta zauna da sandarta. Maƙwabta biyu uku sun leƙo. Injiniya na tsaye yana juya makulli a yatsa. Sai ga Yaya ta fito, farin tsumman Dogo a kafaɗa, galan ɗin jan mai da mazurari a hannu. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, sannan ta ce:

"Inna, ina neman alfarma. A ba ni makullin na rabin awa. In ban yi komai ba, a ja ta."

Injiniya ya yi dariya. "Haba matar yaya. Na duba da kaina. Mai har ya yi yawa, sai da na rage. Giya ce ta tafi, ki yi haƙuri."

"Na ji. A ba ni dai."

Ni kuwa bakina ya kuɓuce. Na ce, "Kai Injiniya, makullin gadonka ne? Ba ta!" Inna ta harare ni, ta harari ɗanta, ta ce, "Ba ta."

Yaya ta zaro kwalbar nan daga ƙarƙashin kujera ta kwantar a dokin ƙofar mota. Kumfar ta ruga ƙarshen kwalba ta maƙale. Ta kira Injiniya ya gani. Ta ce a nan geji ba zai faɗi gaskiya ba, sai an kai ta daɓe. Motar ta ƙi shiga ribas, saboda haka turawa aka yi, Yaya a sitiyari, Injiniya da maƙwabta a gaba, har mai ƙarafa da tumbinsa, yana nishi yana cewa shi saye ya zo ba dako ba. Ta naɗe madubi ta shige ƙofar nan ba ta goga ko'ina ba. A kan daɓe kumfa ta dawo tsakiya ta tsaya. Inna ta sa aka ɗauko mata kujerarta aka shigo da ita.

Da man inji ta fara, tun motar tana kashe. Ta zaro, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa. Yana tsakanin alama, lafiya lau. Sannan ta zaro mai jan kai ta nuna wa Injiniya.

"Ka ga a kashe ya kai alama ko?"

"To ai abin da nake faɗi ke nan!"

"Riƙe wannan a ranka."

Ta ja burkin hannu ta tayar da inji. Ta zauna tana kallon allurar zafi, mu kuma muna kallonta. Minti goma sha biyar ɗin nan sun fi mini shekara. Mai ƙarafa ya duba agogo sau uku. Injiniya yana yi wa maƙwabta bayanin yadda giya ke mutuwa. Ni kuwa ina addu'a a zuci, ina kuma shirya zagin da zan yi in abin ya ƙi. Da allura ta kai tsakiya, Yaya ta taka burki, ta bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya tana ɗan dakatawa a kowace, ta dawo fakin. Ta fito ta bar inji yana aiki. Ta tattare mayafinta ta ɗaure a ƙugu saboda fanka, ta zaro gejin, ta goge, ta mayar, ta zaro. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

A bushe yake. In ban da ɗan ja a can bakinsa, ba komai.

Injiniya ya karɓa ya juya shi, ya mayar da kansa ya sake zarowa. Haka dai. Ya ce, "Ikon Allah. To ina man ya tafi?"

"Yana cikin aiki," in ji Yaya. "In inji na kashe, duk man da ke sama gangarowa yake ya taru a ƙasa, sai ka ga kamar ya cika. In an kunna ne giya take ɗaukar nata, abin da ya rage shi ne gaskiya. Tana yoyo tun tuni, ga ɗigon a ƙofar gida. Ƙishirwa take ji, kai kuma ka rage mata."

Ban taɓa jin Yaya ta jera magana mai tsawon wannan ba. Injiniya ya sake kallon gejin. Ya ce, to ko da haka ne, ai ta riga ta ƙone. Yaya ta shimfiɗa masa tsumman a tafin hannu, inda ta goge gejin.

"Kalli launin. Ja ne ko baƙi?"

"Ja ne."

"Sansana. Akwai ƙauri?"

Ya kai hanci. Ya yi tsuru-tsuru. Inna ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ana tambayarka!" Ya ce babu.

Ta sa mazurari a bakin bututun gejin ta fara zubawa. Ni da na ga haka na ce ta juye galan ɗin duka a huta. Ta ce in ya wuce alama kumfa zai yi, wata matsalar ce. Kaɗan take zubawa, ta shiga ta bi giyoyi, ta fito ta goge ta auna, ta ƙara kaɗan. Sau biyar ta yi haka. A na biyar mai ya hau, ta tsaya ƙasa da alamar sama, ta ce sauran sai an yi tafiya ta yi zafi sosai. Ta rufe bonet, ta shiga, ta sa giya. Tsohuwa ta amsa nan take, ba jim, ba fizga. Na saki wata ƙara da sai da kaji suka ruɗe.

Mai ƙarafa ya ce tafiyar tsakar gida ba tafiya ba ce. Yaya ta ce gaskiya ne, a loda ƙwai. Kiret talatin muka jera. Ana cikin haka Inna ta miƙe, ta dogara sanda, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Injiniya ya ce, "Inna, ina za ki?" Ta ce, "Tudun da ka ce ba ta hawa." Ni na cusa kaina a baya tsakanin kiret, gwiwa a haɓa.

Muka iso gindin tudun. Na ga wurin da ƙwai ya fashe ranar nan, har yanzu da ɓawo a gefen hanya. Yaya ta ɗan ƙara totur. Motar ta sauya giya a hankali, ta kama, ta ci gaba da hawa, ta wuce wurin ɓawon ko waiwaye babu. Ni da na ce ba zan yi kuka ba, sai ga hawaye, ina dariya ina dukan katako. Inna ta ce, "Ke, za ki fasa mana ƙwai!" Mai burodi ya fito da gari a hannu, ya ga wadda ke sitiyari, ya tsaya baki buɗe. Yaya ta sauke gilashi ta ce, "Ka ce Litinin. Na ga gara a kawo yau."

Da muka dawo mai ƙarafa ya tafi da sarƙarsa. Yaya ta hau daɓe ta sake aunawa da zafinta, ta ƙara ɗan kaɗan, ya zauna daidai. Ta leƙa ta nuna wa Injiniya inda tiyon da ke kai man zuwa lagireto ya jiƙe, maɗaurinsa ya saki. Ta kashe motar, aka jira ta huce. Ya ciro sukudirebar nan tasa ya ɗaure shi tam, kuma a nan na yarda akwai abin da ya iya. Ya fito yana sosa ƙeya ya ce, "Matar yaya, tasi mai kuloci ba ta da irin wannan gejin. Ban sani ba." Na ce a kawo mini ruwa, zan suma. Inna ta ce maganar ɗakin baya a bar ta, kada ta sake jin ta a bakin kowa.

Yau shekara shida ke nan Yaya na jan Tsohuwa da kanta. Kaji sun kusa dubu. Masu motoci otomatik na unguwa sukan tsaya a ƙofarta ranar Asabar, ta ce su shigo daɓe, ba ta duba wa kowa mai a gangare. Mai Tsumma suke ce mata yanzu, ba wanda ya ƙara cewa matar direba. Injiniya kuwa yana ba da labarin a tasha kamar da shawararsa aka yi, ni kuma duk inda na ji sai na gyara masa.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai safiyar Lahadi ce, washegarin ranar. A gidan na kwana, Inna ma ta ce ta gaji, ba za ta koma ba sai gobe. Ina shara na ga Yaya ta buɗe bonet ta zaro gejin man inji. Idonta na kan ƙarfen, sai ta miƙa hannu baya, ba ta waiwaya ba, daidai yadda Dogo yake yi. Hannun ya tsaya a iska. Na ga kafaɗarta ta sauka, ta tuna ba kowa a bayanta, tsumman kuma yana can kan igiya inda ta shanya shi jiya. Na yar da tsintsiya zan ruga, ashe an riga ni. Inna ce, da sandarta, ta riga ta cire shi daga igiya tana tahowa a hankali. Ta ɗora mata a tafin hannu.

"Goge, 'yata," in ji ta. "Na farkon ba a yarda da shi."